Illo Bai Ga Tabki Ba Bana

"Ɗage asabarin ga, Maikano," in ji Illo. "Ko taƙi guda."

Ban kai ga miƙa hannu ba, Saratu matarsa ta taso daga bakin murhu. "Malam Maikano, don Allah bar shi. Sanyi ya kada shi, kuma sanyin za a buɗe mai?"

Na bari. Ni ma haka na tashi na iske: wanda jiki ya shanye, ba a barin iskar ɗari ta taɓa shi. An cusa tsumma a taga, an saki asabari, ga kaskon garwashi gefen gado. Wata biyu ke nan maƙwabcina na kwance a nan. Ɓarin dama ya mutu, baki dai na nan daram.

Shekara ashirin da ɗoriya, in ɗari ya kama, ma'aikatan gandun daji kan zo daga Konni ƙirgar tsuntsayen tabkinmu, Illo ke gabansu. Su da madubin hange, shi da ido tsirara. Ni ban taɓa ganin amfanin abin ba, kuma na sha faɗa mai: dattijo da jikoki, ya wuni bakin ruwa yana ƙirgar abin da ba nasa ba.

"Bana ba su aiko ba," ya ce. "Sun ji na kwanta. Tafi ka gano mini."

"Ni? Da furfurata?"

"Furfura ba ta korar agwagwa, surutunka ke kora. Zauna gindin bagaruwa, rana a bayanka, ka rufe baki."

Na tafi, don ban iya kallon idonsa in ƙi. Tun hantsi har la'asar ina zaune, ƙafafu sunka sandare. Ruwan ya ja baya, ya bar laka mai faɗi. Can tsakiya kirinjijiya, agwagin daji, sun rufe shi, in sunka tashi sai ka ji fito ko'ina. Masu albasa na wucewa suna tambaya ko jakina ne ya ɓace.

Da na komo, hayaƙin ɗakin ya sa ni tari.

"Mi ka gani?"

"Tsuntsaye."

"Allah ya shirye ka. Waɗanne?"

"Kirinjijiya da yawa. Zalɓe uku. Balbela."

"Baƙin fa? Ƙananan nan masu dogayen ƙafa, da ke ƙetaro hamada?"

"Na ga wasu na gudu bisa laka."

Ya yunƙura da hannun hagu. "Bakinsu miƙe yake ko lanƙwashe?"

Ban duba ba.

"Wuni guda," ya ce, "ka kawo mini balbela. Balbela ko bayan shanun Chindo makiyayi akwai ta." Ya juya fuska ga bango.

Abin ya tsaya mini a rai. A tsakar gida na ce wa Saratu gobe zan kawo amalanken jakina, mu naɗe Illo da bargo biyu, in rana ta yi zafi mu kai shi bakin tabki mu komo.

Ta ajiye ludayi. "In ya cika a hanya fa? Mi zan ce wa danginsa? Su ce Saratu ta gaji da jinya, ta fidda shi cikin ɗari? Kai gidanka za ka koma, ni za a nuna da baki." Idonta ya yi ja, ba na hayaƙi kaɗai ba. "A bari sanyi ya sassauta."

Daga cikin ɗaki muryarsa ta fito: "In ya sassauta sun tafi."

Ita da gaskiyarta, shi da tasa, ni kuwa ban kawo amalanken ba.

Kwana tara bayan nan, ana kiran azahar, Allah ya karɓi abinsa. Maƙabartarmu na bisa tudu, gabas da tabki. Munka bi da shi ta bakin ruwa, rufe da tabarma bisa makara.

Da anka shafa fatiha jama'a sunka watse, na gangara ni kaɗai. Ƙananan na nan bisa laka. Na tsuguna, na ƙura wa guda ido. Ya soka baki cikin ruwa, ya ɗago, ɗigo na lilo a tsinin. Lanƙwashe yake, kaɗan.