Madubi Mai Kai Biyu

"Kawu, riƙe shi ta ƙasa, ba ta wuya ba," in ji Auta. "In ya faɗi, 'ya'yan Baba ba za su yafe mana ba."

Muna cikin shigar da madubin likita ɗakin kwanan mahaifinta ke nan. Farfesa maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Tun da ciwon zuciya ya hana shi hawa matakalar asibiti, ya ce a kawo masa aikin gida. Madubin mai kai biyu ne, malami ya leƙa ta nan, ɗalibi ta can, su ga abu guda.

Aikinsa horar da ƙananan likitoci bincike a kan sankarar jini da ke kama masu ɗauke da cutar ƙanjamau. Ya taɓa yi mini bayani a ƙofar gida. Kaluluwar mutum za ta kumbura, a yi ta ɗura masa maganin tarin fuka, alhali sankara ce. Masu iya bambancewa ba su da yawa, shi kuma lokacinsa ya ƙure.

Auta, ƙaramar 'yarsa, ta rufe shagonta na ɗinki ta dawo jinya. Ita ke juya shi, ita ke wanke zanin gado, ita ke niƙa masa ƙwaya a cokali. Da la'asar kuma sai ga ɗalibansa biyu, Dogo da wata mai tabarau, riƙe da kwalin ƙananan gilasai da aka shafa wa jini da ɓargo.

"Baba, ya jiki?" in ji su.

"Ka ji fa, Kawu. Baba!" Auta ta ce da ni a kicin tana zuba shayi. "Ni tun safe ban samu kalma biyar ba. Su kuwa da ya ji takunsu sai a ta da shi zaune, har da neman hula."

Farfesa yana da wata ɗabi'a. Duk wanda zai zauna a kai na biyu, ba ya barinsa ya taɓa komai. Sai ya dubi fuskarsa sosai, ya auna tazarar idanunsa, ya daidaita masa maleƙin, wato inda ake sa ido, da hannunsa. Na ga Auta tsaye da faranti tana kallon yadda yake duban mai tabarau. Ta ajiye farantin da ƙarfi har shayi ya zube.

Wata rana ta tare su a ƙofa. "Yana barci."

Ba barci yake ba. Da ta kai masa abinci, ya kau da kai.

"Ina yaran?"

"Ga yarinyarka nan tsaye, Baba."

"Na sani, Auta. Ina yaran?"

Ya juya wa bango fuska, bai ci ba. Kashegari ita da kanta ta buga musu waya.

A makonsa na ƙarshe ɗaliban sun tafi wani taro don gabatar da bincikensu. Na shiga gaishe shi, na tarar an ta da shi zaune, gilashi ɗaya yana kan madubi, kujera ta biyu ba kowa. Auta tana ninke kaya.

"Zo ki zauna," ya ce.

"Ni? Ni tela ce, Baba. Jira 'ya'yanka."

"Zauna."

Ta zauna a bakin kujera. Ya ɗago kai ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya matso da maleƙin kaɗan, ya sake dubanta, ya ƙara matsowa.

"Idon mahaifiyarki ne da ke. Me kike gani?"

Ta leƙa. "Atamfa mai ɗigo-ɗigo, shuɗi da ja. Wanda ya rina ta bai iya ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Dogo ya yi watanni bai ga ko atamfar ba."

Ba ta ɗago ba. "Mai wannan jinin, yana raye?"

"Mace ce. Tana raye, tana kan magani. Mai tabarau ce ta gano."

"To, sannunta," in ji Auta. Amma ba ta tashi ba sai da ya gaji.

Ya rasu da hantsi, kansa a cinyarta. Ɗaliban suna hanya.

Bayan an watse daga zaman makoki, suka zo ɗaukar madubin. Farfesa ya riga ya ce a mayar da shi asibiti saboda sababbin ɗaliban da za a ɗauka. Mai tabarau ta cire tabarau tana share hawaye.

"Anti, uba ne a gare mu."

"Allah sarki," in ji Auta. "Ni ma haka."

Dogo ya buɗe akwati, ya naɗe waya, ya kai hannu zai haɗe maleƙin kai na biyu, wanda ke nan yadda Farfesa ya daidaita wa Auta.

"Bar wannan yadda yake."

"Anti, ai ba zai shiga akwati ba."

"To ku ɗauka a hannu."

Ya dube ni, na ɗaga kafaɗa. Akwatin ya tafi bayan mota ba komai a ciki. Dogo ya zauna a kujerar baya, madubin a cinyarsa, ya rungume shi ta ƙasa. Auta ta tsaya a ƙofa har motar ta sha kwana, sannan ta koma ta cire zanin gadon.