Gishirin Kankare

A sashen injiniyan gine-gine akwai wata al'ada da ba a taɓa koyar da ita a aji ba, amma kowa ya iya ta. Idan aka sa ɗalibai kwaɓa bulon gwaji, aka faɗa musu awon siminti da na yashi da na tsakuwa, sai su faki ido su ƙara shebur ɗaya na siminti. Gishiri suke kiransa. Da shi bulo ke jure matsin injin gwaji, maki ya fito, kowa ya tafi yana washe baki. Malamai sun sani sarai. Wasunsu ma haka suka yi a zamaninsu.

Auta, wadda ta shigo sashen a bana, ba ta sa ba. Ita ta ɗauka abin da aka rubuta a allo shi ake nufi. Ranar gwaji, injin ko nishi bai yi ba bulonta ya ruguje a gaban aji.

"Jama'a, a kawo tsintsiya!" in ji Gwani, shugaban aji, wanda bulonsa ya fi na kowa ƙarfi. "Ƙanwata, kankare aka ce ki kwaɓa, ba hodar kwalliya ba."

Aka kwashe da dariya. Daga ranar sunanta ya koma Hoda. Dakta, malamin darasin, ko kallonta bai yi ba ya ce, "Fannin nan ba na kowa ba ne. Kika sake faɗuwa a ƙarshen shekara, ki nemi wani sashen."

A gida ta ba da labari tana huci. Yayanta yana goge takalmi ya ce, "To Injiniya, kejin kajin Mama ma kada ki taɓa mana."

"Ki sa gishirin mana," in ji Mama. "Ke kaɗai ce mai gaskiya a makarantar?"

"Mama, su ne fa gobe za su gina benen da za ki kwana a ƙarƙashinsa!"

Haka ta faɗa, kuma gaskiya ne. Amma ba bene ke ci mata rai ba. Haƙoran Gwani take gani duk sanda ta rufe ido, kuma ta rantse sai ya san ya taɓa ta.

Sai ta tare a ɗakin gwaji. Ta kwaɓa, ya ruguje. Ta sake, ya ruguje. Tafin hannunta ya yi kanta, siminti ya cinye mata farce, ƙawaye suka daina nemanta. Littattafan da a da take buɗewa don jarrabawa, yanzu karanta su take kamar mai neman makami. Cikin zango na biyu, wata rana ta zuba yashin sashen a kwalba, ta cika da ruwa, ta girgiza. Da ya kwanta, sai ga taɓo jibge a sama, kauri guda. Ashe shekara da shekaru yashi mai laka ake saukewa a bayan ɗakin, ba wanda ya taɓa sunkuyawa ya duba, sai dai a rufe ɓarna da siminti a kira shi ƙwarewa.

Ta kai wa Dakta wannan a matsayin aikinta na ƙarshen shekara. Ya ture kwalbar da bayan hannu.

"Ki bar tone-tone. Ki sani ni zan ba ki maki."

"Na sani, Malam," ta ce, ta ɗauki kwalbarta.

Ranar gabatar da aiki, wani farfesa ya zo daga wata jami'a don dubawa. A ranar ne kuma za a tura Gwani koyon aiki a babban kamfanin gine-gine, saboda lambar ƙarfin da bulonsa ya kai a inji, wadda har yanzu take manne a bango. Da aka kira Auta, wani ya yi tari ya ce "Hoda", aka yi ƙus-ƙus. Ta turo baro da bulo uku.

"Na farko, ranka ya daɗe, daidai awon allo ne, da yashin sashenmu."

Ya ruguje. Gwani ya yi dariya har da dukan benci.

"Na biyu, na ƙara shebur ɗaya na siminti. A nan muna kiransa gishiri."

Allurar injin ta hau, ta hau, ta tsaya. Auta ta nuna bango. Lambar Gwani ce, sak.

"Yallaɓai shugaban aji," ta ce, "ko za ka faɗa wa baƙonmu yadda awon allo ya ba ka wannan?"

Gwani ya buɗe baki, ya dubi Dakta. Dakta yana ta neman wani abu a aljihunsa.

Na ukun awon allo ne shi ma, sai dai ta wanke yashin. Ya wuce abin da ake buƙata ba tare da gishiri ba. Farfesa ya cire tabarau, ya daɗe yana kallon Dakta.

Auta ta ci. Aka soke makin gwajin na aji duka, aka dakatar da tafiyar Gwani, aka ce a sake cikin hutu, kuma ita za ta kula da sikelin awo. Ba mai gaishe ta, ita ma ba ta nema ba. Da Gwani ya kinkimo bokitin siminti ya ɗora, gumi na zuba masa, ta dubi awon ta ce, "Rage."

Ya ɗebi kaɗan.

"Ƙara ragewa."

"Haba, ƙanwata..."

"Ni ba ƙanwarka ba ce. Rage, akwai mutane a bayanka."