Takalman Mai Gidana

A shekarar da mai gidana ya rasu ne umarni ya sake fitowa daga Kankiya, wai Bature ya ce duk karen da ba shi da ubangida a kashe shi, don mahaukacin kare ya ciji mutane a kasuwa. Mu a lokacin muna Dudunni, ina cikin takaba, daga ni sai uwar mijina da muke kira Kaka, sai karen da ya bari, Durwa.

Durwa tsintacce ne. Shekarun baya da aka yi irin wannan umarni, an bi gari ana jefa nama mai guba. Mai gidana ya je cin kasuwar Kankiya ya tarar da karya a mace bayan rumfar mahauta, ɗan kwikwiyonta na ta neman nono a jikinta. Ya sako shi cikin burgamin farautarsa ya kawo gida. Na ce mashi ni ba zan zauna ina wanke ƙwarya da ƙasa ba saboda kare. Ya yi dariya, ya nemo mashi kaskonsa daban, ya ajiye a gindin rumbu. Tun daga nan ni nake zuba tuwon, shi yake kaiwa.

Da aka yi sadakar bakwai, Dabo ya zo daga Yashe. Abokin farautar mai gidana ne tun suna samari. Ya ce gidan da ba namiji, 'yan doka za su ɗauki karen a matsayin marar ubangida, gara ya tafi da shi. Kaka ta yarda, don tun ranar rasuwar karen ba ya cin abin da muke zuba mashi, mun ɗauka kewa ce. Aka sa wa Durwa igiya. Ta kafar zana na ga yana tafiya yana waiwayen rumbu.

Bayan 'yan kwanaki sai ga Dabo da hantsi, da karen a bayansa. Ban gane shi ba da farko. Haƙarƙarinsa duk a waje, yana tafiya kamar ƙasa na ja mashi ƙafa. Dabo ya zauna a zaure, Kaka ta fita wajensa, ni na tsaya bayan zana ina ji, don mai takaba ba ta zama da maza.

Ya ce tun da suka isa Yashe karen bai sa komai a bakinsa ba sai ruwa. Ya ba shi tuwo, ya ba shi fura, har kan zomo ya ajiye mashi. Sai ya zauna gaban abincin, miyau na zuba, yana kallon ƙafar mutum. Maƙwabta sun ga miyan, sun ce alamar hauka ce, har mai unguwa ya aiko cewa ko Dabo ya gama da shi da kansa, ko a kai magana Kankiya.

"Ban iya yi ba tare da kun sani ba, Kaka," in ji shi. "Karen ɗanki Mamuda ne."

Kaka ta ce mahaukacin kare ba ya shan ruwa, kowa ya san haka. Dabo ya ce ya faɗa masu, sun ce su ba za su jira ya ciji ɗan wani don a tabbatar ba.

Maganar kallon ƙafa ce ta tsaya mani a rai. Na yi ta juya ta. Sai na tuna yadda mai gidana yake yi in ya kai kaskon. Ba ya ajiyewa ya juya. Yakan tsaya tukuna, karen na zaune yana rawar jiki, sannan ya ɗora ƙafarsa a bakin kaskon, sai Durwa ya sa kai. Na taɓa ce mashi wannan wulaƙanci ne, ka ba shi abinci kuma ka taka. Ya ce shi ya ga abin da ya kashe uwar karen, ba zai bari ɗan ya ci abin da ya tsinta a ƙasa ba, ko daga hannun wa ya fito.

Na yi gyaran murya na faɗa wa Kaka, ta faɗa wa Dabo, ko da yake ya ji da kunnensa. Na zuba sauran ɗumame a tsohon kaskon, Kaka ta kai. Dabo ya ɗora ƙafarsa. Durwa ya miƙa wuya ya shinshina ƙafar, ya koma ya zauna.

"To, ai ka ji," in ji Kaka. "Ƙafarka ma kare bai yarda da ita ba, balle matan Yashe."

Dabo ya ɗan yi dariya, amma hannunsa na kan igiyar, ya riga ya fara naɗe ta.

Da aka raba kayan mai gidana, 'yan'uwansa sun ɗauki baka da kwari da riguna. Takalmansa na fata ne kawai ba wanda ya waiwaya, don sun tsufa, an yi masu ɗinki a wuri biyu. Su na ɗauka na sa ƙarƙashin gadona. Shatin yatsunsa na nan a jiki. In na idar da salla nakan jawo su in duba, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Na shiga ɗaki na daɗe a tsaye. Sannan na fito da su na miƙa ta saman zana. Kaka ta karɓa, ta dube su, ta dube ni, ta kai wa Dabo.

Sun yi wa Dabo kaɗan, duddugensa a waje. Ya ɗora ƙafa a bakin kaskon. Durwa ya shinshina takalmin, ya yi wani ɗan kuka a maƙogwaro wanda har yau ina jin sa, sannan ya sa kai. Ya cinye, ya lashe kaskon har yana tura shi cikin ƙasa.

Dabo ya tuɓe su zai mayar. Ya ce ai an gane ba hauka ba ne, sauran zai san dabara.

"A ce mashi ya tafi da su," na ce wa Kaka. "Gobe ma zai ji yunwa."

Ranar na share ƙarƙashin gado, na rasa abin da zan yi da hannuna.

Bayan na fita takaba, na je Yashe barkar haihuwa. Na ga Durwa kwance a ƙofar gidan Dabo, ya yi ƙiba, wuyansa da jan zare, alamar mai ubangida. Matar Dabo ta ce mani takalman sun tsinke tun kafin girbi. Ranar da suka tsinke mijinta ya taka kaskon da ƙafarsa haka nan, karen ya ɗan yi jim, ya ci. Ta ce ko in tafi da su, suna nan saƙale a rumbu. Na ce ta bar su.

Da zan tafi Durwa ya taso ya raka ni har bakin gonar dawa. Ya tsaya nan yana kaɗa wutsiya. Dabo ya yi fito daga cikin gari, sai ya juya da gudu. Na tsaya har ya shige, sannan na kama hanyar Dudunni.