Kejin da Na Ƙera wa Esin Inna

Yayata ta ba ni mako ɗaya. Ta ce in ta dawo ranar Asabar ta tarar da ɗakin Inna yadda ta bar shi, za ta sa ta a mota ta tafi da ita gidanta, kada in buɗe baki. Ban buɗe ba, don ni ma na shiga ɗakin da rana na ji abin da ta ji. Tun da ɓarin jikin Inna ya shanye take kwance, gumi ya fara cin bayanta. Nas ɗin da ke zuwa wanke mata ciwon ta faɗa mana ba rufa-rufa, in ɗakin bai yi sanyi ba fatar ba za ta haɗe ba.

Shekara goma sha ɗaya Inna tana hannuna. Ni na gina mata ɗakin, ni na ƙera gadon da take kai, don walda ce sana'ata. A ce yau a fitar da ita daga gidana saboda zafi, wannan ba zan iya haɗiye shi ba.

Esi, na'urar sanyaya ɗaki, akwai shi, ko shekara bai yi ba. Da safe lafiya lau yake aiki. Da rana ta take sai ya yi kamar minti ashirin, ya koma hura iska mai ɗumi kamar numfashin mutum. Autata ta duba waya ta samo min masu gyara, kowa da hotonsa da taurarin yabon da aka ba shi. Na farko ya ƙara gas. Na biyu ya ce na farko jaki ne, ya rage. Na uku ya zo da rigar kamfani da takarda mai hotuna, ya ce esin ya yi wa ɗakin kaɗan, in sayi babba. Abin haushin, duk wanda ya zo, a gabansa sanyi har da haɗa haƙori. Yana juya baya shi ke nan. Matata ta ce esin nan ya fi yaranmu iya kunyar baƙo.

Nas ce ta ba ni lambar wani. Ta ce shi ke kula da na asibitinsu, Baban Biyu ake ce masa. Na kira shi ran Laraba, na fara zayyana masa abin da sauran suka yi, ya katse ni.

“Maigida, ƙarfe nawa yake daina sanyi?”

“Wajen biyu.”

“To gobe ɗaya da rabi ina nan.”

Na ce ya zo da safe mana a samu lokaci. Ya ce da safe ai lafiyarsa ƙalau, me zai gani?

Ɗaya da rabi daidai ya tsayar da tsohon babur a ƙofar gida. Gajeren mutum ne mai furfura, ya girme ni da kamar shekara goma, jaka ɗaya a kafaɗa. Bai tambayi inda injin yake ba. Ɗakin Inna ya fara shiga, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambaye ta inda take jin iskar. Maganarta ba ta fita sosai, amma ya tsaya har ta gama. Sannan muka zaga bayan gida inda injin waje yake.

A nan sai in yi bayani. Watan da na sa esin aka yanke wa maƙwabcina fayif ɗin nasa esin aka tafi da shi. Ni kuwa na ce ba a gidan mai walda ba. Na ƙera wa injin keji da farantin ƙarfe mai kauri, gaba da gefe da sama, na huda ƙananan ramuka a jere, na sa ƙofa da kwaɗo. Kwana biyu na yi a kansa. Mutane har tsayawa suke su duba.

Na zaro makulli zan buɗe, ya riƙe min hannu.

“Kullum a kulle yake?”

“Kullum.”

“Da waɗancan suka zo fa?”

“Buɗe musu nake, in ba haka ba ta ina za su yi aiki?”

“To mayar da makullinka aljihu. A kunna.”

Ya kifa bokiti ya zauna. Ko jakar bai buɗe ba. Minti biyar, minti goma, mutum yana zaune yana kallon ƙarfe kamar mai jiran mota. Raina ya fara ɓaci. Na ce, “Malam, ni fa gyara na kira ka, ba gadi ba.” Ya ce, “Gadin ma aiki ne, ka tambayi masu yi.” Jefi-jefi sai ya ɗora bayan hannunsa a kan farantin ya ɗauke. Can sai muka ji ƙwas, ƙarar injin ta sauka, fanka kawai ke juyawa.

“Yauwa. Yanzu buɗe, ka sa kanka ciki.”

Na buɗe na leƙa. Zafin da ya bugi fuskata, wallahi kamar na sunkuya a kan ƙarfen da na gama ƙonawa. Na ja da baya.

Ya ce, “Zafin da ke ɗakin Inna ba ɓacewa yake ba. Kwaso shi ake a kawo nan a zubar. Injin yana fitar da shi, farantin yana mayar masa, ya sake shaƙa. In ya ji zai ƙone sai ya kashe kansa. Yana da hankali, shi ya sa har yau kake da shi.”

Ya bi layin waldar da babban yatsa tun daga sama har ƙasa.

“Wa ya yi wannan?”

“Ni ne.”

“Na sani. Shi ya sa ban fara da zagin mai aikin ba. Hannunka yana da kyau, ko tsinken allura ba zai shiga nan ba. Matsalar ke nan.”

Ni mutum ne da ba na son a nuna min kuskure a kan ƙarfe. Na ce to a bar ƙofar a buɗe mana, tunda a haka yake aiki. Ya ce esin zai yi aiki na awa ɗaya, wataƙila biyu, su waɗancan ba su taɓa zama har haka ba. Gefe da sama duk a toshe suke. Kuma ranar da wani ya wuce ya tura ƙofar, Inna ce za ta sha. Na ce babban esin da aka ce in saya fa? Ya ce in na sa babba a wannan akwatin, minti goma zai yi maimakon ashirin.

Ya ciro alli a aljihu ya zana a jikin kejin: nan a yanke, nan a yanke, a sa sanduna da tazarar yatsu huɗu, rufin a ɗaga shi kamu ɗaya. “Ɓarawo ba zai shiga ba, iska za ta shiga. Ni ban iya ba, aikinka ne.”

Washegari na ɗauko giranda na yanka aikin hannuna. Ban ji daɗi ba, ba zan yi ƙarya ba. Shi kuma ya dawo ba tare da na kira shi ba, ya riƙe min sanduna ina ɗinkewa, yana kau da kai daga wutar ba sai na ce masa ba. Da na gama ya wanke injin, ya ɗaura masa agogon awo ya auna gas ɗin da aka yi ta wasa da shi, ya daidaita. Na ce shi ke nan? Ya ce in kulle. Ya sake kifa bokitin nan ya zauna, wannan karon har awa biyu, a tsakiyar rana, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Matata ta kai masa ruwa sau uku. Injin bai tsaya ba.

Kafin ya tafi ya sake shiga wurin Inna. Ya tsaya a gefen gadon ya ɗaga hannu yana bin iskar, ya ce kai tsaye take sauka a ƙirjinta, gobe sai a koma maganin tari. Muka ja gadon zuwa ɗaya bangon ni da shi. Ya nuna wa matata lambar da za ta bar rimot a kai, da yadda ake zare ragar ciki a wanke. Ya ce, “Inna, in ya yi miki rashin kunya ki sa a kira ni.” Ta kama hannunsa da hannunta mai lafiya, ta daɗe ba ta saki ba.

Ran Asabar Yaya ba ta zo da safe ba. Ƙarfe uku ta zo, ta san abin da take yi. Ɗanta ne ya tuƙo ta, har sun kwantar da kujerar baya sun shimfiɗa katifa. Ko gaisuwata ba ta amsa da kyau ba ta wuce ɗakin. Na bi ta na tsaya a bakin ƙofa. Ta ɗan tsaya, sannan ta sa hannu ƙarƙashin bayan Inna ta shafa zanen gadon. A bushe yake.

“Sabo ka saya?”

“Shi ne dai. Wani bawan Allah ne ya gano.”

“Me ya lalace?”

“Ba abin da ya lalace, Yaya. Ni na toshe shi.”

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. “Kai da bakinka? Lallai ina son in ga mutumin nan.”

Ta zauna a bakin gadon ta ajiye mayafinta. Ta ce wata ɗaya za ta ƙara min, in ciwon bai haɗe ba maganarta tana nan, kada in ɗauka ta manta. Na ce na ji. Ta leƙa ta taga ta ce wa ɗanta ya naɗe katifar ya je ya dawo da yamma, sannan ta ce in miƙo mata abin yanke farce, wai mun bar na Inna sun yi tsawo.