Ɗakin da Ba a Ba da Haƙuri

Tun da babbar mota ta kife da Direba da amininsa, Direba bai sake taɓa sitiyari ba. Shi ya fita da ƙafarsa, aminin bai tashi ba. Kamfani ya jira har ya gaji, ya aiko cewa ko ya dawo aiki ko a ba wani sabuwar motar da aka ware masa.

Matarsa ce ta kai shi wurin Malama mai ba da shawara, kusan da jan hannu. Ofis ne ƙarami, babu tebur tsakanin kujerun, sai fanka mai ƙara kamar tana tari.

"Malama, ga shi nan," in ji matar. "Mutumin da surutunsa ke hana mu jin rediyo, yanzu kamar an ɗinke masa baki. Kowa ya ba shi haƙuri, a banza."

"Ke dai kin samu fili," ya ce ƙasa-ƙasa.

Malama ta yi murmushi. "Malam, a ɗakin nan ba a ba da haƙuri."

"To me kuke bayarwa?"

"Kunne. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin gaggawa. Duk wanda aka yi wa rashi sai in ce ya yi haƙuri, shi kuma ya haɗiye maganarsa ya tafi da ita gida. Shi ya sa na koma jami'a na karanta halayyar ɗan Adam, don in koyi yin shiru."

"Har jami'a don shiru? Da kin zo na koya miki kyauta."

Ta yi dariya, amma ba ta tambaye shi yadda haɗarin ya faru ba. Cewa ta yi, "Abokin naka, wane irin mutum ne?"

Babu wanda ya taɓa yi wa Direba wannan tambayar.

"Mugun mai minshari ne," ya ce. "Har ƙarar injin mota yake dannewa." Sai hawaye suka zubo masa. "Barci yake a gefena. Da na ji gyangyaɗi na ɗibana, na ce bari ya huta, ban tashe shi ba."

Matar ta buɗe baki, "Maigida, ka yi ha..." Malama ta ɗan ɗaga mata hannu. Suka bar shi ya yi kukan da ya daɗe yana riƙewa.

Bai warke ranar ba. Ya yi ta komawa, Malama tana bi da shi a hankali. Da farko zama kawai ya yi a cikin mota a tsaye, sannan ya kunna ta ya kashe, sannan ya zagaya garejin kamfani gumi na keto masa.

Wata safiya unguwa ta ji ƙarar hon mai ƙarfi. Matar ta fito da kumfar wanki a hannu, ta ga babbar mota ta cika layi, mijinta a sama.

"Maƙwabta, ku fito ku gani!" ta ce. "Nawa ne wannan!"

"Matsa daga hanya, mai surutu," in ji Direba, ya sa giya.