Dalma a Bindigar Baba

Mai gyaran bindigogi ko sallamar autansu bai amsa ba. Idonsa na kan abin da Auta ya ajiye masa a tebur: bindigar marigayi Babansu, tsakiyar bututunta ya kumbura kamar macijin da ya haɗiyi ƙwai, har ya tsage ta gefe.

Ita kaɗai ta rage musu daga hannun tsohon. Shekara da shekaru mai gyaran yana shafa mata mai, ko ƙuda bai yarda ya sauka a kanta ba, sai da mahaifiyarsu ta sa baki ya ba Auta aro don korar aladun daji daga gona. To, ga sakayyar da ya samu.

Ya ɗaga bututun ya leƙa ta hasken taga. Layukan ciki da ke murɗa harsashi duk sun shafe, dalma ta cike su. Ransa ya ɓaci.

"Harsashin dalma ka yi ta ɗirka mata, ko? Wanda kake narkawa da kanka?"

"Shi ne mai araha, Yaya."

"Araha ba ta ado! Dalma laushi gare ta, kowane harbi sai ta bar saura a ciki. Ina buroshin da na haɗa ka da shi? Ko taje kai kake yi da shi?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Abokan farauta ne suka ce ba sai na wahala ba. Wai in bi da harsashi mai rigar tagulla guda ɗaya, zai share dalmar ya fita da ita."

"Tsintsiya ce? Hanya ta cushe, ka turo mai tauri, ina kake so ƙarfin albarushin ya bi?"

Daga nan fa bakinsa ya buɗe. Ya zagi abokan farautar, ya zagi ragwanci, ya ce da Baba na raye da baƙin ciki ya ƙarasa shi. Auta dai na tsaye, hannunsa na hagu a cikin aljihun riga. Wannan tsayuwar ma ta ƙara tunzura shi.

"Ina magana ka zuba hannu a aljihu? Fitar da shi, mara kunya!"

Auta ya zaro shi a hankali. Naɗe yake da bandeji, jini ya rine bakinsa, kuma naɗin ya yi gajarta ta wajen yatsu biyu na ƙarshe, alamar babu su. Hannun da ake tallafe bututu da shi ke nan.

"Kada ka gaya wa Mama tukuna, Yaya. Bindigar za ta gyaru?"

Mai gyaran ya dubi bindigar, ya dubi hannun. Ya ɗauke ta da ƙarfi ya wurga cikin tarin ƙarafan da ke bayan ƙofa.

"Tun da kake tsaye a nan, maganar bindiga ce a bakinka? Wuce mu koma asibiti, sakarai!"