Hannun Baba a Hoton Gada

Shekara arba'in hoton yana ƙasan akwatin Inna, a naɗe cikin tsohon ɗankwali, ko gara ba ta taɓa shi ba. Kwamitin tarihin birni kuwa mako uku kacal suka riƙe shi.

Hoton ranar buɗe babbar gada ne. A tsakiya ga shugaban majalisar birni na wancan zamani, tumbi a gaba, almakashi a hannu. A can gefen dama ga Baba, shugaban maƙeran da suka ɗaure ƙarafan gadar, yana riƙe da bakin ƙyallen da za a yanka. Duk tsohon da ke birnin ya san labarin. Shekarar da kogi ya cika ya kawo, ɗan kwangila ya kwashe injiniyoyinsa ya arce, Baba da mutanensa goma sha ɗaya suka yi kwana tara a kan ginshiƙin tsakiya har ruwa ya janye. Kuma duk duniya hotonsa ke nan, don cewa yake tsayawa gaban kyamara aikin marasa aiki ne.

Auta ce ta sa Inna ta bayar. Sakataren kwamiti ya zo har shagonta na ɗinki, baki kamar zuma, ya ce za a buɗe zauren tarihi a jera manyan birni a bango. Inna ta ƙi, ta ce abin da ya fita daga akwati ba ya komawa yadda ya fita. Auta ta yi ta naci, har da rantsuwa cewa da hannunta za ta dawo da shi.

Ranar buɗewa matakalar zauren ta gajiyar da gwiwoyin Inna, sai Auta ta zaunar da ita a benci ta shiga ta fara dubawa. Bango fari fat, hotuna a jere cikin firam iri ɗaya, tsawo ɗaya, faɗi ɗaya. Ta sami nasu a na bakwai. Shugaban majalisa na nan da tumbinsa, ba a rage masa ko maɓalli ba. Ƙyalle ya miƙe zuwa dama, ya ƙare a cikin wani hannu. Daga wuyan hannun sai katakon firam.

Ta leƙa ta gefe ko lanƙwasa shi aka yi. Mai ɗinki ba a ɓoye mata yanka. An yanke shi ne, yanka mai tsabta kuma, da sabuwar reza. A ƙasa an rubuta sunan shugaban majalisa, an ƙara da cewa shi ya gina gada. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ta sami Sakatare yana washe baki ga jikokin shugaban, ta kama hannun rigarsa.

"Ina ubana?"

"Baiwar Allah, a hankali, akwai baƙi."

"Na ce ina ubana? Mutum na kawo maka cikakke, da kai da ƙafa!"

Sakatare ya yi tsuru-tsuru, ya yafito mai firam. Shi kuwa ya zo da murmushinsa, a zatonsa yabo za a yi masa.

"Ai Anti, firam ɗin duka awo ɗaya aka yi oda, don bango ya yi kyau. Wanda ya yi gajere mu yi masa ciko, wanda ya wuce mu datse. Na duba sosai kafin in yanka, ba kowa a gefen, wani lebura ne kawai."

Auta ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa.

"Leburan nan a kan aikinsa ka tako ka zo nan yau. Ni da nake yanka yadin da yake cike da kasuwa, sai na auna sau uku. Ina guntun?"

"An share. Motar shara ta kwashe tun wancan makon."

"Kun wanke wani kafin ku yanka?"

Sakatare ya sa baki, wai shi mai gyara magana: "Ai kwamiti ya ce na asali ya fi daraja. Amma za mu zauna a kai, za a kafa ƙaramin kwamiti."

Zagin da ya taso mata ya fi ƙarfin bakinta. Haushinsu take ji, amma ta fi jin haushin kanta, ita da ta yi rantsuwa. Tana cikin haka ta ji ƙarar sandar Inna a kan daɓe. Tsohuwa ta gaji da jira.

"Auta, ina yake? Kai ni in gan shi cikin manya."

Ba yadda za ta yi, ta kai ta. Inna ta matsa har numfashinta yana sauka a gilashi. Ta bi ƙyallen da ido zuwa ƙarshe, ta daɗe a nan. Ta ɗaga yatsa ta ɗora a kan hannun.

"Babban yatsan nan guduma ce ta karya shi. Ni na ɗaure masa."

Mai gadi ya matso da sauri. "Mama, ba a taɓa kayan tarihi."

Auta ta ture shi, ta ciro firam ɗin daga ƙusa, ta juya shi ta ɓalle bayansa da mukullin shago. Sakatare yana ta "haba, haba", jikokin shugaba sun saki baki. Ta zaro hoton ta miƙa wa Inna.

"Mu tafi gida da abinmu."

Inna ba ta karɓa ba.

"Me zan yi da ƙaton nan a akwatina? Bar musu nasu. Yanko min hannun kawai."